Mastar kan haƙƙin ɗan Adam: da riba har yanzu, ko a canza hanya?

Dandalin ɗaliban shari'a na Tawa, tsofaffi da sababbi

Nafisa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan dandali. Ina shekarar ƙarshe ta lisansi a fannin shari'a, nan jami'ar Djibo Hamani. Tun shekara ta biyu raina ke kan mastar ta haƙƙin ɗan Adam na ƙasa da ƙasa. To ga shi mun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tun Janairun 2025, a Satumba kuma aka sanar da fita daga CPI, kotun duniya mai hukunta manyan laifuka da ke birnin Hague. Baba cewa yake in yi dokar kasuwanci in huta, ko ba komai OHADA, tsarin dokar kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, tana nan, bankuna kuma na ɗaukar mutane. Tambayata ita ce, wanda ya karanci wannan fanni yau, gaban wace kotu zai tsaya? Don Allah a faɗa mini gaskiya, ba lallashi nake nema ba.

Laminu: Wa alaikis salam. Ƙanwata, ki ji maganar Baba. Ni na yi wannan mastar a waje, da kuɗin gonar tsohona. Na dawo na tarar ƙungiyoyin da ke ɗaukar irinmu suna rage ma'aikata, wasu sun naɗe tabarma gaba ɗaya. Yanzu lissafin buhunan albasa nake riƙe wa kawuna a Galmi. Alhamdu lillahi ana ci ana sha, amma ba don wannan na haddace yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya ba.

Abdul-Razak: Ni ko da aikin yana jira a ƙofa, ban ga abin karantawa ba. Tun da aka buɗe CPI a 2002, wa ta ɗaure? Lubanga, Katanga, Ntaganda, Ongwen, Al Mahdi. Duk namu. Waɗanda suka afka wa Iraƙi a 2003 suna gidajensu suna shan shayi. Waɗanda suka wargaza Libiya a 2011 suka bar mana makamai na yawo a Sahel, wa ya kira su? Amurka ba ta cikin kotun, Rasha ba ta ciki, Sin ba ta ciki. Sanda ce aka sassaƙa don bayan talaka. Gara da muka fita.

Metir Sani: Razak, ban ƙi ta taka ba. Duk wanda CPI ta samu da manyan laifuka zuwa yau ɗan Afirka ne, kuma da ta juya wajen Afganistan sai Amurka ta ƙaƙaba wa babbar mai gabatar da ƙararta, Fatou Bensouda, takunkumi a 2020. Amma ka cika labarin. Uganda, Kwango, Afirka ta Tsakiya da Mali, gwamnatocinsu ne da kansu suka kira kotun. Al Mahdin da ka ambata, wanda ya rushe hubbaren waliyyan Tumbutu, hukumomin Nijar ne suka miƙa shi a Satumban 2015, aka yanke masa shekara 9.

Ke kuma Nafisa, CPI ba ita ce kotun fannin da kike so ba. Ita mutum take tuhuma, kan laifi huɗu kawai: kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi, cin zarafin bil Adama, da afka wa wata ƙasa. Talaka ba ya shigar da ƙara can. Akwai ɗaya kotun ta birnin Hague, wato CIJ, mai raba rigima tsakanin ƙasa da ƙasa, wadda ta tabbatar mana da tsibirin Lete a 2005 a shari'armu da Benin. Ita ma ba taki ba ce. Fanninki shi ne inda mutum guda, ko akuya ba ya da ita, yake kiran gwamnatinsa gaban alƙali. A nan ɗin, asarar da muka yi ba Hague ba ce, Abuja ce.

Nafisa: Kotun CEDEAO ke nan, Metir?

Metir Sani: Ita. A 2005 aka ba ta hurumin sauraren ƙarar take haƙƙi daga hannun ɗaiɗaikun mutane, kuma ba tare da sharaɗin sai ka ƙure kotunan gida ba. Wannan na biyun shi ne abin da ya bambanta ta da sauran. Hajiya Rabi tana nan tana karantawa ta yi shiru. Ita ta fi ni sanin abin da haka ya haifar a Ƙonni.

Hajiya Rabi: Sai da kuka tono ni. Ɗiyata Nafisa, na san an koya muku shari'ar Hadijatou Mani, amma a aji layi uku ne: suna, rana, diyya. Bari ki ji yadda abin ya bi.

A 1996 aka sayar da ita, tana da shekara 12, kan jikka 240. Wahaya aka yi da ita, wadda ake ce wa mata ta biyar: ba sadaki, ba ɗaurin aure, aikin gida da na gona duk nata, ɗakin maigida kuma duk sa'ad da ya so. Shekara tara tana cikin wannan hali. A 2003 majalisa ta sa bauta cikin manyan laifuka, ɗaurin shekara 10 zuwa 30, ƴan Timidria, ƙungiyar da ke yaƙi da bauta, suka bazu ƙauyuka suna faɗa wa mutane. A 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci. Da ta ce za ta tafi, ya ce ina, ai matarsa ce.

Kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure, tunda babu sadaki, babu ɗaurin aure, babu yardarta. Ya ɗaukaka ƙara, babbar kotun garin ta juya hukuncin. Kotun ƙoli a Yamai ta soke wannan juyin, amma kan kuskuren tsari, ba ta shiga maganar bautar ba. Ana cikin haka ta auri wanda ranta ke so. Sai mutumin ya kai ƙarar aure kan aure, a 2007 aka yanke mata wata shida, ita da mijin da ɗan'uwanta. Ki duba fa. Doka tana nan tun 2003. Dosiye ya bi hannun alƙalai hawa-hawa, kowanne ya ga an rubuta baiwa ɓaro-ɓaro, ba wanda ya tsaya ya ce a tuhumi mai sayen. Wadda aka sayar ita ta kwana a kaso.

Kotun CEDEAO ta taso daga Abuja ta zauna a Yamai a Afrilun 2008, don ita ba ta da halin zuwa can, shaidunta ma haka. Ranar 27 ga Oktoba ta yanke cewa bauta ce, kuma laifin gwamnati shi ne ma'aikatanta da alƙalanta sun gani sun kau da kai. Diyya miliyan 10 na sefa. Kuma an biya.

Abin da na gani da idona bayan nan shi ya sa ba na son a ce takarda ce kawai. Mukan shiga ƙauyukan da ke tsakanin Ƙonni, Illela da Madawa da kwafin hukuncin, shafukan har sun yi laushi don naɗewa cikin jaka. Ba ma karanta shi, wa zai zauna sauraren Faransanci? Shafin ƙarshe muke buɗewa mu ajiye gaban maigari, mu ce ga abin da gwamnati ta biya saboda hukuma ta gani ta yi shiru. Wani dattijo ya taɓa karɓar takardar a juye, ya daɗe yana bin hatimin da yatsa, bai ce mana komai ba, sai ya aiki yaro a kira yarinyar da muka zo dominta. A 2014 aka ɗaure mutum na farko kan wahaya, nan Ƙonni, shekara huɗu. A 2019 kotun ƙolin ƙasa da kanta ta ce al'adar haramtacciya ce.

Nafisa: Inna Rabi, wallahi jikina ya yi sanyi. A kwas ɗinmu ba a ce mana an taɓa ɗaure ta ba.

Malam Yahuza: Allah ya saka wa Hajiya. Ina so in ajiye abu ɗaya kada wani ya ɗauka addini ne ya ɗaure wa wannan gindi. Sayar da ɗa a ci kuɗinsa yana cikin abubuwan da hadisi ingantacce ya ce Allah da kansa zai yi husuma da mai yin su ranar alƙiyama. Tun 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya yi fatawa cewa musulmin Kano, Katsina, Barno da Sanwai ba su halatta a bautar da su ba. Ba Bature ne ya koya mana wannan ba. Mu ne muka bar abin da muka sani har sai da alƙalai suka taso daga wata ƙasa suka tuna mana.

Abdul-Razak: Hajiya, ina girmama aikinku, wallahi. Amma wannan kotun da kuke yabo, ina take lokacin takunkumi? Daga 30 ga Yulin 2023 aka rufe mana iyakoki, aka yanke wuta daga Najeriya, motoci suka yi layi a Malanbil, magani ya yi wuya, buhun shinkafa ya tashi. Wane laifi mai jego a Bagaruwa ta yi? Nijar ta kai ƙara, ranar 7 ga Disamba kotun ta ƙi ɗage takunkumin, ta ce waɗanda ke mulki ba su da tsayuwa a gabanta. Ranar 15 ga watan kuma ta ce a saki Bazoum. Haƙƙin mutum ɗaya ta gani, na miliyoyi ba ta gani ba.

Metir Sani: Wannan hukunci na 7 ga Disamba ni ma yana ci mini rai. Da ni ne alƙali, da na raba maganar biyu: wa ke mulki daban, maganin marar lafiya daban. Amma ka tuna ita dai wannan kotun ce a Nuwamban 2010 ta ce tsare Tandja da sojojin Salou Djibo suka yi ba ya kan doka. Lokacin mutanen Tandja suka yi murna, ƴan adawarsa suka yi tsaki. A 2023 aka canza wurin zama. Kowa yakan so ta ranar da yake ƙasa.

Abdul-Razak: Ko kuwa kullum tana bayan wanda aka kifar, tunda shugabannin da suka naɗa alƙalan tsoron kansu suke ji.

Metir Sani: Hadijatou ba shugaba ba ce. Ebrima Manneh, ɗan jaridar da ya ɓace a Gambiya zamanin Jammeh, ba shugaba ba ne, kuma a 2008 kotun ta yanke wa Gambiya hukunci a kansa Jammeh na kan kujera.

Sabi'u: Salam jama'a. Akwai mai sanin ranar da za a buɗe ajiye dosiye na konkur ɗin alƙalai?

Mushe Hamidu: Sabi'u, ana magana. In an gama ka tambaya.

Nafisa: To Metir, ƙofar Abuja ta rufe. Wace ce ta rage?

Metir Sani: Uku, kuma ba wadda ta kai ta Abuja sauƙi.

Ta farko Arusha, a Tanzaniya, Kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam. A Wagadugu aka amince da yarjejeniyar kafa ta a 1998, ta fara aiki a matsayin doka a 2004, alƙalai 11. Amma amincewa da kotun bai isa mutum ya kai ƙara da kansa ba, sai ƙasarsa ta ajiye wata takarda ta musamman ƙarƙashin sashe na 34 sakin layi na 6. Nijar ta ajiye tata a Oktoban 2021, kuma yawancin lauyoyinmu ko kula ba su yi ba, don kowa idonsa na Abuja. Burkina da Mali sun riga mu ajiyewa. Wannan ta Tarayyar Afirka ce, fita daga CEDEAO ba ta taɓa ta ba. Dakatar da mu da Tarayyar ta yi a Agustan 2023 ma zama a taro ya shafa, bai sauke mana nauyin yarjejeniya ba. A can ne iyalan ɗan jarida Norbert Zongo suka yi nasara kan Burkina a 2014, shekaru bayan kashe shi a Disamban 1998, aka ce gwamnati ta yi sakaci wajen neman waɗanda suka kashe shi. A shekarar ne kuma kotun ta ce ɗaure ɗan jarida Lohé Issa Konaté kan ɓata suna ya wuce kima. Matsalar ita ce sai ka ƙure kotunan gida tukuna, ko ka nuna sun ja shari'ar fiye da hankali. Kuma ƙofar ba ta da tabbas: Ruwanda ta janye takardarta a 2016, Tanzaniya mai masaukin kotun a 2019, Benin da Kodebuwa a 2020. Da hukunci ya fara cizo sai a janye.

Ta biyu Banjul, Hukumar Afirka, mai kula da Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981 da muka amince da ita a 1986. Ba kotu ba ce, shawara take bayarwa, amma ƙungiya za ta iya kai kuka a madadin wani.

Ta uku Jeniba. A 1986 ɗin muka shiga manyan yarjejeniyoyin nan biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1966, ta haƙƙin farar hula da siyasa, da ta tattalin arziki da zamantakewa, har da ƙarin da ya ba mutum damar rubuta wa kwamitin ƙwararru 18 kuka. Ta farkon ba ta da ƙofar fita. Koriya ta Arewa ta gwada a 1997, kwamitin ya ce haƙƙin na mutanen ƙasa ne, ba na gwamnatin da ke kai ba.

Laminu: Metir, duk wannan mun haddace mun ci jarrabawa da shi. Amma shawarar Banjul takardar magani ce a garin da ba kantin magani. Ka riƙe ta, ciwonka na nan. Dubi mutanen Cadi. An yanke wa tsohon shugabansu Hissène Habré ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016, aka ce a biya waɗanda ya azabtar sama da biliyan 82 na sefa. Har ya mutu a 2021 ba su ga kuɗin ba. Jeniba kuwa, mun je bitar ƙasa-ƙasa ta Majalisar Haƙƙin ɗan Adam a 2011, 2016 da 2021, kowane zuwa a dawo da shawarwari tuli, a ce an karɓa, a sa a durowa.

Hajiya Rabi: Laminu ɗana, ba duka ke zama a durowa ba. Mu da ita muke zuwa ofis mu ce ku kuka ce kun karɓa, ga shafin. Wani lokaci kunya na yin abin da tsoro bai yi ba.

Laminu: Wani lokaci, Inna.

Mushe Hamidu: To ku bar tsoho shi sa baki. Ni ban tahi Jeniba ba, ban san Arusha ba. Magatakardan kotu ni kai har na aje aiki. Ɗiyata Nafisa, kin tambayi wace kotu za ki tsaya. Wadda ke bayan gidanku.

Na ga yaro da anka kawo kan zargin satar akuya, anka aje shi kaso jiran shari'a. Alƙalin bincike ya samu canjin wurin aiki, dosiyen ya shige ƙarƙashin wasu cikin kabad, ƙura ta rufe shi. Sa'ad da munka tono shi, zaman da yaron ya yi ya wuce abin da za a yanke mishi ko da ya amsa laifin. Uwarsa kullum ranar kasuwa tana zowa ta zauna bakin baranda da ƙullin fura, ba ta san wa za ta tambaya ba, mu ma kunya ta hana mu dubanta. Ba wanda ya ƙi yaron nan. Babu dai mai tambaya ne. Da akwai lauya guda da zai shigo da takarda ya ce sashe na 9 na yarjejeniyar 1966 ya ce a yi wa wanda anka tsare shari'a cikin lokaci ko a sake shi, sashe na 7 na Yarjejeniyar Afirka ma haka, da rannan za a neme shi. Alƙalanmu sun san wanga abu, a makaranta sunka karanta. Amma in ba a aje shi gabansu a rubuce ba, aiki ya yi musu yawa.

Lauyoyin ƙasar ga kusan duk suna Yamai. Daga nan zuwa Abalak, zuwa Cintabaradan, mutum nawa ne sunka taɓa ganin lauya da idonsu?

Metir Sani: Baba Hamidu ya taɓo mu, kuma da gaskiyarsa. In ƙara da wani abu da ɗalibai ke mantawa: dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta 2014 kan aikin lauya ta ce lauya na da damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, tun a komisariya ko jandarmari. Muna cikin UEMOA har gobe. Yawancin duka da tilasta amsa laifi a waɗannan awannin farko suke faruwa. Wannan ma dokar ƙasa da ƙasa ce, kuma ba ta buƙatar tikitin jirgi.

Malam Yahuza: Nafisa, ni ba zan hana ki ba, amma ki shiga da idonki biyu. Ranar da aka amince da sanarwar duniya kan haƙƙin ɗan Adam ta 1948 a Paris, ƙasashen Afirka huɗu ne kawai a zauren, mu muna ƙarƙashin Faransa, Saudiyya kuma ta ƙi jefa ƙuri'a. Abubuwa da yawa a ciki ba su saɓa wa shari'a ba: rai, dukiya, mutunci, adalci a hukunci. Amma akwai inda ake rabuwa, musamman gado da aure. Shi ya sa da Nijar ta shiga yarjejeniyar mata ta CEDAW a 1999 ta yi togaciya kan wasu sassa, majalisa kuma ta ƙi ƙarin yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka a 2006. Na ga yara sun tafi karatun nan sun dawo suna ganin iyayensu jahilai ne.

Nafisa: Malam, na ji, kuma ina neman addu'a. Amma ni abin da ke damuna ba gado ba ne. Dokar farar hula tamu ta ce yarinya shekara 15, yaro 18, yawancin aure kuma ko ta kan dokar ba ya bi. Ƙawayena na firamare nawa aka cire daga aji? Wata a ɗakin masu yoyon fitsari na same ta. Ban ga ayar da ta ce a yi haka ba.

Malam Yahuza: Babu ita, ɗiyata. Cutarwa haramun ce ko da sunan aure. Abin da nake cewa, in kin je ƙauye da sunan Maputo a bakinki za a rufe miki ƙofa, in kin je da abin da liman ya sani za a shimfiɗa miki tabarma. Ki karanci fiƙihun Malikiyya kamar yadda za ki karanci nasu.

Hajiya Rabi: A nan Malam ya yi gaskiya. Ba mu taɓa shiga gari ba tare da mun fara gaida liman ba.

Abdul-Razak: Kun ga abin da nake faɗa ke nan. Maganin yana gida. Me ya kai mu neman na waje?

Metir Sani: Gida ya taɓa samun nasa. CNDH, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ta samu matsayi na A a 2017 bisa ƙa'idojin Paris na 1993, wato an yarda tana cin gashin kanta. A 2020 ita ce ta je yankin Inates ta binciki mutanen da suka ɓace, ta fito ta faɗi abin da ta gano, duk da bai yi wa gwamnatin lokacin daɗi ba. Ba baƙo ne ya yi wannan ba. Amma ta tsaya tare da sauran hukumomin kundin 2010 a Yulin 2023. ANDDH, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, da Timidria kuwa tun 1991 suke, shekarar Babban Taron Ƙasa, bayan jinin ɗalibai uku da ya zuba a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990. Wannan fanni a Nijar daga titi ya fito, Razak, daga ɗalibai irinka. Na waje amfaninsa ɗaya: ranar da na gida ya gaza, kamar yadda ya gaza wa Hadijatou, a samu inda za a ɗaga murya.

Nafisa: In na yanke zan yi, ta ina zan fara?

Metir Sani: Kada ki saki tsarin shari'ar laifuka da na farar hula. Wanda ya san Yarjejeniyar Afirka da ka amma bai iya rubuta takardar neman sakin talala ba, ba ya fitar da kowa daga kaso. Ki nemi sitaj a ofishin lauya ko wajen ANAJJ, hukumar taimakon marasa hali a shari'a, ki ga dosiye na gaske. Ki karanta hukunce-hukunce da kansu, ba taƙaitawar da ake yawo da ita ba. Ki fara da na Hadijatou. Za ki ga ba duk abin da lauyoyinta suka nema kotun ta ba su ba: ta ƙi cewa ɗaurin da aka yi mata na zalunci ne, don hukuncin kotu ne ya kai ta. Ki zauna ki yi tunanin ko kin yarda da wannan. Nan karatun yake.

Makarantu kuwa, akwai Abdou Moumouni a Yamai, akwai kujerar UNESCO ta haƙƙin ɗan Adam da dimokuraɗiyya a Abomey-Calavi, akwai jami'ar Katolika a Yawunde. Pretoria na da mastar tun 2000 da ke tara ɗalibai daga duk Afirka, su ne kuma ke shirya gasar shari'ar gwaji ta jami'o'in nahiyar, amma sai da Ingilishi mai ƙarfi. Cibiyar René Cassin ta Strasbourg gajeren horo take yi.

Laminu: Ni shawarata ɗaya ce tunda kin nace. Ki ci konkur ko ki shiga aikin lauya tukuna, mastar ta zo a kai. Kada ta zama ita kaɗai ce a hannunki. Kuma ki koyi Tamashek ko Fulatanci ko da na gaisuwa da tambaya ne. Inda na yi sitaj, mai fassara ya fi mu duka amfani.

Abdul-Razak: Ku dai jira. Ministocin shari'a na AES, ƙawancen Nijar, Mali da Burkina, sun zauna a Bamako a 2025 kan kafa kotun Sahel ta manyan laifuka da haƙƙin ɗan Adam. Tamu, da alƙalanmu. Ga shi kuma Hausa ta zama harshen ƙasa a kundin Maris 2025. Nafisa za ta iya tsayawa can ta yi magana da harshen da uwar yaron nan na labarin Baba Hamidu ke ji.

Metir Sani: Allah ya sa, ni ne farkon mai murna. In takardar kafa ta ta fito, ka duba mini abu uku ka kawo nan. Shin mutum guda zai iya kai ƙarar gwamnatinsa da kansa, ko gwamnati ce kawai ke kai mutane? Wa ke naɗa alƙalan, wa ke iya cire su, wa'adinsu shekara nawa? Kuma in an yanke wa gwamnati hukunci, wane sashe ne ya tilasta mata biya?

Abdul-Razak: Zan duba. In na farkon babu, ni ma zan yi magana, ku shaida.

Hajiya Rabi: Ka ƙara na huɗu, ɗana. Ka duba ko kotun za ta iya tasowa ta zauna kusa da mai ƙara. Daga Ƙonni zuwa Bamako kuɗin mota ba kaɗan ba ne, kuma shaidu ba sa barin gona da damina.